Gilashin Da Bai Kamata Ya Yi Haske Ba

Masu cika mini akwatin saƙo kuna tambaya ko Saura-Kaɗan ya gama karatu, ku zauna tukuna ku sha ruwa. Yau da laifina zan fara. Kwana biyu na yi ina yawo da shi a aljihun farar rigar aiki, kuma duk girmansa bai kai ƙaramin yatsana ba.

Ga waɗanda yau suka shigo: ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar bincike, sashen fata. Likitocin tiyata suna aiko mana da ɗan guntun fatar da suka cire, in mai ita ya sa hannu ya yarda, ni kuma in yanka shi siriri fiye da bawon albasa, in shimfiɗa a kan gilashi. Shekara uku ina wannan aiki, amma har gobe Ummata cewa take man shafawa muke haɗawa. Duk ƙawarta da ƙafa ta tsage, lambata take ba ta.

Saura-Kaɗan ɗalibin digiri na uku ne a sashenmu, kuma shi nake so. Dogo ne, siriri a da, mai riguna uku da yake juyawa, duk a goge kamar takarda. Sau huɗu yana zuwa gaishe da Baba, sau huɗu Baba yana tambayarsa ina aka kwana a karatu, sau huɗu yana sunkuyar da kai ya ce saura kaɗan. Daga nan sunan ya bi shi. A zuwa na huɗu, wata huɗu da rabi ke nan, Baba ya ce shi ba zai zaɓa mini miji ba, amma ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai iya rufe abin da ya buɗe ba. In ya ƙare kundinsa a ƙarshen wannan watan da muke ciki, ƙofa a buɗe take. In bai ƙare ba, a daina ɓata wa juna tabarma.

Gwaggo kuwa, yayar Baba, tana gefe tana jiran watan ya ƙare. Tana da nata ɗan takarar, wani mai kantin kayan kwalliya, kuma hujjarta ba ta da kyau a musa: ni ina haɗa man shafawa, shi yana sayarwa, me ya rage? Kullum da safe sai ya turo mini hoton fure da "Barka da asuba gimbiyar fata." Ban taɓa amsawa ba. Bai taɓa fashi ba.

Sai na ɗan yi muku bayanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na yi ba. Ku yi haƙuri, ba jarrabawa a ƙarshe.

A cikin fatar mutum akwai wani ɗan ma'aikaci da ido ba ya gani, masu ilimi suna ce masa enzayim. Aikinsa sarrafa maiƙon fata, ya mayar da shi kamar siminti tsakanin bulo, don kada ruwan jiki ya tsere. In ya yi lalaci, fata ta bushe ta yi ta tsagewa. Saura-Kaɗan ya ce nasa enzayim ɗin can saman fata yake zama, a shimfiɗar ƙarshe, kuma kundinsa gaba ɗaya a kan wannan magana yake tsaye. To yaya za ka ga abin da ba ya ganuwa? Sai ka tura masa ɗan sanda. Shi ne antibodi: ruwa ne a 'yar mitsitsiyar kwalba, cikin ƙanƙara ake kawo mana shi daga nesa, kuma ba ya gane kowa a duniya sai enzayim ɗin nan. Ka ɗiga shi a kan fata da yamma, ya kwana a firij yana neman mutuminsa har ya riƙe shi. Da safe ka wanke, ka ɗiga na biyu, mai ɗauke da koriyar fitila, wanda ba ya manne wa kowa sai na farkon. Ka kashe wutar ɗaki, ka leƙa madubin ƙara girma. Inda ya yi kore, nan enzayim yake.

Ƙa'idar aikin ita ce, duk ranar da za ka yi, ka ware gilashi ɗaya ka hana shi antibodin farko. Mu a sashenmu makaho muke ce masa. Dole ya fito baƙi ƙirin. In makaho ya yi haske, to hasken ba na ɗan sandanka ba ne, daga wani wuri yake, sai ka naɗe murnarka ka ajiye. Mu kuwa tun bara muka daina yin makaho. Saura-Kaɗan ya ce fatar da ake aiko mana ta yi ƙaranci, ba za mu ɓata yanka guda a kan abin da muka san amsarsa ba. Ni kuma a lokacin ko jadawalin shara ya karanta mini, daɗi nake ji.

Ranar Litinin da yamma na jera gilasai shida, na ƙarshe da za su shiga kundin. Na jiƙa su da ruwan share fage, na haɗa antibodin a ɗan bututu, na soke shi cikin ƙanƙara, na ɗauki abin ɗigawa. Sai waya ta yi ƙara a aljihu. Umma ce: "Kira ni yanzu yanzu. Magana ce babba."

Na tuɓe safar hannu na fita baranda. Babbar maganar ita ce labulen falo. Tunda baƙi masu neman aure za su zo ƙarshen wata, tana so ta san ruwan toka za a saya ko ruwan zuma. Na ce ruwan toka. Ta ce ai ruwan toka kamar ofis. Na ce to ruwan zuma. Ta ce ruwan zuma yana nuna datti. Ana cikin haka Gwaggo ta karɓe wayar ta ce a saya mai arha kawai, don ba a san ko baƙin za su zo ba, in kuma wasu baƙin ne suka zo, su da labulensu za su taho. Umma ta ƙwace wayar. Minti ashirin da biyar ina tsaye ina sauraron mata biyu suna faɗa a kunnena kan labulen da ba a saya ba.

Na koma ciki kaina yana juyawa. Na ga gilasai a jiƙe, na ce alhamdu lillahi na gama, na rufe su na sa a firij, na ɗauki jakata na tafi gida.

Talata da safe na wanke, na ɗiga mai fitila, na kai wa Saura-Kaɗan ɗakin madubi. Ɗaki ne ƙarami marar taga, kujera ɗaya mai juyawa, ɗaya mai karyayyen baya, wadda ita ce tawa. Ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, idonsa har da ƙwalla. Ya ce in zo in gani. Wani koren layi ne siriri, a miƙe a saman fatar kamar an ja shi da rula. Ya ce tunda ya fara aikin nan bai taɓa samun hoto mai tsabta irin wannan ba, ya ce hannuna akwai albarka. Kafin azahar ya mayar da hoton fuskar wayarsa. Da can hoton mahaifiyarsa ne a wurin.

Da la'asar na je zubar da ruwan ƙanƙarar jiya. Ina karkata akwatin, sai ga ɗan bututu yana iyo a ciki, da rubutun hannuna a jikinsa, cike taf, ko ɗigo ba a taɓa ba.

Na tsaya da akwatin a hannu har ruwan ya jiƙa mini takalmi. Ban ɗiga antibodin ba. Gilasai shidan nan duka makafi ne. Kuma duka shida sun yi haske kamar ana biki.

Kun gane ko? Da sun fito baƙi, da laifina ƙarami ne: na manta, a sake, a yi mini faɗa, shi ke nan. Amma sun yi kore ba tare da ɗan sanda ba. Ke nan koren layin da muke ta ɗauka hoto shekara guda, wanda aka rubuta shafi ɗari da wani abu a kansa, wataƙila ba enzayim ba ne, fatar ce kawai take ƙyallinta. Mantuwata ba ta ɓata aikin ba. Tona shi ta yi.

Na jefa bututun a aljihu, na goge takalmi.

A motar haya na fara shari'a da kaina, ni ce alƙali, ni ce lauya, ni ce ɓarauniya. Lauyan ya ce ba wanda ya tambaye ni, kuma wanda ba a tambaya ba bai yi ƙarya ba. Ya ce ni mai ɗiga ruwa ce, ba sunana a bangon kundin. Ya ce a bari a yi auren, bayan nan sai in "gano" abin a hankali, a gyara cikin rufin asiri. Alƙalin ya tambaya: mutanen da suka sa hannu aka ɗauki fatarsu fa, don a yi mata hoton banza suka bayar? Wanda zai karanta kundin a wani wuri ya kwashe shekara biyu yana neman abu inda babu shi fa? Lauyan ya ce ai ba mu san shi ba. Kuma gaskiya ba mu san shi ba, mai kantin kayan kwalliya kuwa mun san shi, har fure ya turo da safe.

Na isa gida na tarar an saya ruwan zuma. Umma tana kan kujera tsaye tana ratayawa, mayafinta ɗaure a ƙugu, allura a baki. Ta ce in duba ko ya miƙe. Na ce ya miƙe. Ta dube ni ta ce me ya sami fuskata, ko man da muke haɗawa ne bai karɓe ni ba. Saƙon Saura-Kaɗan ya shigo a lokacin: "Na gama babi na biyar. Alhamis zan miƙa wa Farfesa. Wannan karon ba saura kaɗan ba ne, saura kwana biyu." Har da hoton zuciya, koriya. Na tura masa babban yatsa. Abinci ya ƙi shiga.

Laraba na tashi aiki da wuri na tsaya a shagon Baba, da ke ƙofar gidanmu. Baba mai gyaran agogo ne. Shagon bai fi mutum uku ba, ko'ina ƙas-ƙas-ƙas, kuma kullum da ɗan madubinsa maƙale a ido ɗaya, hannayensa biyu a cikin cikin wani agogo. Shi ya sa in an kira shi a waya, da gwiwar hannu yake dannawa ya sa ta a lasifika, duk wanda ke shagon ya sha labari. A bango akwai wani babban agogo da ba na sayarwa ba, wanda yake saitawa da rediyo kowace safiya. Duk agogon da ya gyara sai ya rataye shi kusa da wannan kwana biyu kafin ya ba mai shi, ko da mai shi yana tsaye yana rantsuwa sauri yake.

Na zauna a kan benci na ce, "Baba, in ka gyara agogo, ya yi kyau, yana tafiya, amma ka san yana baya da minti biyar, kuma mai shi ba zai taɓa ganewa ba fa?"

Bai ɗago ba. "Zai gane ranar da mota ta tafi ta bar shi."

"In ba ya shiga mota fa?"

Sai ya ɗago, ya dube ni da madubin a ido, idon ya zama ƙato kamar na saniya. Ya tambaye ni ko na ɓata wani abu ne a wurin aiki. Na ce a'a, hira ce kawai. Ya ce to hirar ta fi ƙarfin bencin, in shiga gida in ci abinci.

Alhamis na riga kowa zuwa. Akwai littafin aiki da kowannenmu yake da shi, mai shafuka masu lamba, da biro ake rubutu, ba a gogewa, ba a yagewa, kuma duk Alhamis da rana Farfesa, shugabar sashenmu, takan bi tebur tebur ta karanta ta sa hannu. Na buɗe nawa na rubuta kwanan wata, na rubuta cewa ranar Litinin ban ɗiga antibodin farko ba, kuma gilasai shida sun yi haske duk da haka. Na ja layi a ƙasa. Na yi haka ne don na san halina: in Saura-Kaɗan ya dube ni da idon nan nasa, zan iya cewa na zo tambayar ko ya karya kumallo.

Na same shi a ɗakin madubi, cikin shuɗiyar rigar, ta manyan ranaku, kundin a ɗaure a gefensa. Na rufe ƙofa, na ajiye bututun a gabansa. Ya ɗaga shi ya duba a hasken allon kwamfuta.

"Cike yake," ya ce.

"Cike yake."

"Na ranar Litinin?"

"Duka shida makafi ne, Malam. Umma ce ta kira ni kan labule."

Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka, har na shirya wa suma, don na ga inda zai faɗi ba zai bugi madubin ba. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sunkuya ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya kawar da kwalin shayi da tsohuwar caza, ya fito da wani ɗan akwati. Gilashi ɗaya ne a ciki. A jikinsa, da rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa, an sa "makaho", da kwanan wata. Na ƙirga da yatsu. Wata huɗu.

Ya ce wata Asabar ce ya zo shi kaɗai ya gwada, don zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya leƙa ya ga kore. Ya ce saman fata takan yi ƙyallin kore da kanta, yana cikin littattafai, ya sani tun yana aji ɗaya, amma mutum in yana son abu sai ya manta abin da ya sani. Ya ce ya yi niyyar sake komai da jar fitila, wadda fata ba ta kwaikwayo, amma hakan wata shida ne ko shekara, kuma wataƙila a ƙarshe a tarar enzayim ɗin ba ya nan sam. Sati biyu kafin wannan Asabar ɗin ne Baba ya sa wa'adi. Sai ya rufe akwatin ya ɗora kwalin shayi a kai.

Na ce, to ƙwallar ranar Talata fa? Ya ce ta gaske ce. Da ya ga layin ya fito tsaf haka, sai ya ce wa kansa wataƙila makahon can ne ya yi kuskure.

"Saboda ke na yi," ya ce a hankali.

"Kada ka rataya mini. Ni labule aka rataya saboda ni, ya ishe ni."

Jama'a, abin da ya fi ba ni haushi ba ɓoyewar ba ce. Ni kwana biyu na riƙe wannan magana, abinci ya gagare ni, siket ɗina har ya fara juyawa. Shi wata huɗu yana zaune a kanta, kuma a wata huɗun nan ne ya yi kumatu. Na dube shi da kyau, maɓallin shuɗiyar rigar yana neman agaji. Na tambaye shi yaya aka yi yake iya cin abinci. Ya ce shi in hankalinsa ya tashi ci yake yi. Na kusa dariya, na danne, don ba wurinta ba ne.

Ya ce yanzu mu biyu ne muka sani a duniya. Bai ce mu yi shiru ba, ina so ku rubuta wannan a gefensa na alheri. Amma bai ce kada mu yi ba. Ya dai ajiye maganar a tsakaninmu kamar kwanon da kowa ke jiran wani ya fara sa hannu.

Na ce, "Baba ya ce sai ka gama. Ni ban taɓa cewa haka ba. Ni nawa sharaɗin, sai ka faɗa."

"In na faɗa, ba zan gama ba."

"Na sani."

"Gwaggonki za ta yi rawa."

"Ta daɗe tana gwaji."

Ban gaya masa abin da na rubuta a littafina ba. Da na faɗa, da ya tashi ya tafi wurin Farfesa don ba shi da wata hanya, ni kuma har abada ba zan san wane irin mutum zan aura ba. Na bar shi yana ganin ƙofa biyu alhali ɗaya na riga na kulle. Ko hakan adalci ne, ku faɗa mini a ƙasa, don ni har yanzu alƙalina da lauyana suna ta musu.

Kujerar ta ɗan juya da shi hagu da dama. Ya ɗauki wayarsa ya kalli koren layin da ke fuskarta, ya kife ta. Sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ɗauki akwatin makaho da ɗan bututuna, ya bar kundin a kan tebur. Na leƙa ta ƙofa ina kallon bayansa. Barandar doguwa ce, kuma kwandon da muke zuba fasassun gilasai yana daidai tsakiyarta. Ya rage tafiya da ya zo wurin. Ashe igiyar takalminsa ce ta kwance. Ya ɗaure, ya wuce, ya ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa, aka ce ya shigo.

Na koma kan kujerata mai karyayyen baya, na kira Baba tun ƙarfin halina bai huce ba. Ya ɗauka, na ji ƙas-ƙas-ƙas na shagon.

"Baba, bai gama ba. Kuma ba saura kaɗan ba ne."

Na kwashe komai na gaya masa, ɗan sanda da fitila da makaho, labule da bututu, ban rage nawa ba, ban rage nasa ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tambaya ko shi ya kai kansa wurin malamar tasu. Na ce shi ya kai kansa, amma bayan wata huɗu. Ya maimaita, wata huɗu, kamar yana auna nauyin abin a tafin hannu. Agogai suka yi ta tafiya.

"Ki ce masa ya zo shago gobe da safe, shi kaɗai," Baba ya ce. "Ya taho da gilashin nan, ina so in gan shi da idona. Kuma kada ki gaya wa uwarki tukuna, jiya ta sa aka wanke kujeru."

Na buɗe baki zan ce to, sai na ji bencin shagon ya yi ƙara, irin ƙarar da yake yi in mutum mai jiki ya gyara zama. Na manta Baba da gwiwar hannu yake ɗaukar waya.

Muryar Gwaggo ta matso kusa da lasifikar, a sanyaye, cike da jin daɗi.

"'Yar nan, sake faɗa mini a hankali. Wane ne bai gama ba?"